A juya fin ɗin turumba ko a bar shi yadda kamfani ya sa?

Mai Daina Jidda: Assalamu alaikum jama'a barkanmu da dare. Dan Allah masu ilimin turumba, wato famfon da ke tura dizil cikin inji, a taimaka min da shawara. Daina, wato motar kaya, Isuzu ƙarama nake ja, injin 4JB1 mai tarbo, ina ɗaukar kaya daga Jidda zuwa Ɗa'if ta hanyar Sail, wani lokacin in sauko da kayan gwari. To matsalar ita ce in na yi lodi na fara hawa sai motar ta mace a hannuna, giya uku ta ƙi ja sai na dawo biyu ina rarrafe na baya suna ta danna min hon. Wani yaro a sana'iyya, unguwar makanikai, yace in kawo ya buɗe saman turumba ya juya fin ɗin nan na ciki ko ya ɗan goge shi da giranda, wai riyal 150 kawai motar zata zama wata aba daban. Shin da gaske ne ko kashe min inji zai yi? Motar ba tawa bace ta kafili ce, maigidan da nake aiki a ƙarƙashinsa

Abu Tarbo: Wa alaikumus salam. Kai ɗan uwa kai ta kawai a yi maka, meye abin tsoro a ciki. Mu nan Makka tun yaushe muke yi, L200 ɗina 4D56 an juya fin an ɗan saki sifirin wlh in na taka daga sigina ba mai ganin bayana. Su kamfani ai da gangan suke ɗaure mota saboda dokar hayaƙi ta ƙasashensu, ƙarfin yana nan cikin injin sun dai ɓoye shi ne

Direban Wayit: Hhhhh Abu Tarbo gaskiya ka faɗa ba mai ganin bayanka, ina za a gani hayaƙi ya rufe titi. Rannan a Shari' Mansur wani bawan Allah da farar jallabiyarsa yana tsaye bayanka, ban ga yadda ya ƙare ba

Abu Tarbo: Kai kam ja wayit ɗinka ka kai wa mutane ruwa, wannan maganar ta fi ƙarfinka 😂

Baba Mai Turumba: Wa alaikumus salam ɗana. Kafin a ce juya ko kar a juya, a fara sanin me fin ɗin yake yi, don yawancin yaran da ke juya shi su ma basu sani ba, sun dai ga ana yi a waya.

Duba saman turumbarka. In ka ga wata 'yar hula zagayayya da noti huɗu, ga wani siririn tiyo ya taso daga wajen da iskar tarbo ke shiga inji ya zo ya shiga cikinta, to kana da shi. In ka cire hular nan zaka ga roba baƙa shimfiɗe, a ƙarƙashinta an ɗaure wani ƙarfe mai tsayin ɗan yatsa, shi ne fin ɗin, ga sifirin yana tura shi sama. Ƙasan fin ɗin ba a miƙe yake ba, an fiƙe shi ya yi gangare. Daga gefe akwai wata 'yar ƙusa siririya da take jingine da gangaren nan, ita kuma ɗaya bakin nata yana tokare da hannun da ke hana gwamna, wato na'urar da ke daidaita mai a cikin turumba, buɗe mai da yawa. To lokacin da ka taka totur tarbo bai riga ya ɗauka ba, fin yana sama, ƙusar tana kan wuri mai kauri, mai kaɗan ake saki. Tarbo na fara hura iska sai iskar ta bi tiyon nan ta danna robar, fin ya yi ƙasa, ƙusar ta zame zuwa wuri mai zurfi, sai a ƙara mai. Shi kenan aikinsa, wato ya jira iska ta zo tukuna ya bada mai daidai da ita.

Dalilin da yasa juyawa take canza abu kuwa, gangaren ba daidai yake ko ta ina ba, gefe ɗaya ya fi zurfi. In ka juya gefe mai zurfin ya fuskanci ƙusa mai zai zo da wuri kuma ya fi yawa. Motar zata ji sauƙi a ƙafa, wannan ban musa ba. Amma iska fa ba a ƙara ba. Kamar ka tula itace a murhu ne baka hura ba, hayaƙi zai cika ɗaki kafin tukunya ta tafasa.

Mai Daina Jidda: Allah ya saka da alheri Baba, wlh yau na fara jin bayanin abin nan. Hular tana nan da tiyonta na gani

Abu Tarbo: Baba da girmanka amma akwai gyara. In mai ya zo da wuri ai shi ke sa tarbo ya juya da wuri, hayaƙin salansa ne ke juya shi, ƙarin mai ƙarin wuta ƙarin iska. Ba wai iskar tana zaune wuri ɗaya ba

Baba Mai Turumba: Wannan gaskiya ne ɗana kuma shi yasa ɗan juyawa kaɗan a hannun wanda ya sani yana gyara motar da take jinkirin tashi. Amma tarbon yana da iyaka, akwai ƙofar da take buɗewa ta zubar da hayaƙin in matsin iska ya kai inda kamfani ya tsayar. Daga nan duk man da ka ƙara zafi ne da baƙin hayaƙi kawai. Kai kana taka motarka babu kaya daga sigina zuwa sigina daƙiƙa kaɗan ka ɗaga ƙafa ta huce, shi wannan yaron ƙafarsa a ƙasa zata zauna yana hawan Sail da lodi, ba wurin hutawa

Injiniya Riyad: Salam. Bari in ɗan ƙara kan maganar Baba don a san daga inda yayin nan ya fito. Yawancin bidiyon da samarinmu ke kalla na Amurka ne, motar Dodge mai injin Cummins lita 5.9 silinda shida, waɗanda aka yi daga 1989 zuwa 1993, su ne masu turumbar Bosch VE irin mai fin ɗin nan. Injin nan asalinsa na manyan ayyuka ne aka ɗora a fikof, kamfani ya tsayar da shi a ƙarfin doki 160 kacal, wato akwai sarari sosai a jikinsa, shi yasa can har fin na musamman ake ƙerawa ana sayarwa. Daga 1994 ma sun canza turumba zuwa P7100 mai layi wadda bata da wannan fin ɗin, wani farantin ƙarfe ake taɓawa a cikinta. To 4JB1 lita 2.8 ne silinda huɗu, bai kai rabin wancan ba, kuma an ɗora masa daina da bodi da kaya. Turumbar dai iri ɗaya ce a tsari don Zexel da Denso duk a kan tsarin Bosch suka yi nasu, amma injin da ke ƙarƙashinta ba ɗaya ba.

Na biyu kuma hanyar da yake bi. Jidda bakin teku take, Ɗa'if tana kusan mita 1,800 sama, a can matsin iska ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Tarbo yana cike wani ɓangare na giɓin amma sai ya ƙara gudu kafin ya yi hakan, ga zafin bazara da yake wuce digiri 45 a wajen Makka, iska mai zafi kuma ba ta da nauyi. Duk waɗannan rage iskar da ke shiga silinda suke, kai kuma kana shirin ƙara mai

Direban Wayit: Injiniya ya zo da lissafi, Abu Tarbo sai ka nemo kalkuleta

Ɗan Gadarif: Salamu alaikum 'yan uwa. Ni a Sudan na tashi, can na koyi tuƙi kafin in zo nan. Mu can ba wanda ya kai mu taɓa mota, sifinja ɗin nan Bedford ai har shasi ake ƙara mata da sifirin don ta ɗauki abin da Ingila basu taɓa tunani ba, amma tsoffin mu'allimai, wato manyan makanikai, duk abin da zasu canza basa wasa da turumba, ita ce ake kai wa mutum ɗaya a gari. Land Cruiser kuma da muke da su yawanci 1HZ ne babu tarbo, to babu wannan fin ɗin na iskar tarbo, abin da yara ke yi shi ne su murɗa sukurun mai na baya. Sakamakon kowa ya sani, mota ta yi ta aman hayaƙi a cikin yashi, bayan ɗan lokaci kan silinda ya tsage. Waɗanda suka ɗora wa 1HZ tarbo suka ƙara mai ba agogon auna zafi ma sun fi shan wahala don injin nan yana da ƙananan ɗakunan wuta a cikin kai da basa jure zafi da yawa. 1HD-T ne aka yi don tarbo tun 1990 kuma shi yana da hular nan da Baba ya faɗa

Abu Tarbo: To ai kaji, matsalarsu rashin agogo ne ba ƙarin mai ba. Ni ban ce a yi da ka ba

Baba Mai Turumba: Kai naka akwai agogon?

Abu Tarbo: Zan sa in sha Allahu, ina kallon na ruwa dai kullum yana tsakiya

Direban Wayit: 😂😂😂 halas an gama shari'a

Injiniya Riyad: Abu Tarbo na ruwa ba zai gaya maka komai a kan lokaci ba ɗan uwa. Zafin da ake magana na cikin silinda ne da hayaƙin da ke fita, wannan cikin daƙiƙoƙi yake tashi, shi kuwa ruwan lagireto sai ya ɗau lokaci kafin allura ta motsa, wasu motocin ma an yi allurar ta zauna tsakiya sai abu ya yi nisa. Agogon zafin salansa ake buƙata, wanda ake kira EGT. Abin da masu harkar suka saba tsayawa a kai in an sa shi kafin tarbo shi ne kar a zauna sama da digiri 650 zuwa 700 na tsawon lokaci. Fistin da alminiyon ake yinsa, alminiyon kuma wajen digiri 660 yake narkewa, abin da ke ceton fistin shi ne baƙin mai da iska sabuwa suna sanyaya shi tsakanin wuta da wuta, in ka matsa masa a dogon hawa sanyayawar bata isa sai bakinsa ya fara cinyewa ko ringi ya kama

Maman Walid: Sallama gareku. Ni ba direba bace kaya nake bayarwa ana kai min, amma dan Allah direbobi ku ji tausayinmu, akwai dainar da na ba atamfofi da abayoyi salansarta a gefe take wlh katan ɗin da ke wajen duk sun yi baƙi sun ɗau warin dizil. In wannan abin ne ke jawo haka ni dai a bar shi, gara kayan su yi latti

Mai Daina Jidda: Hajiya a yi haƙuri ba ni bane dai ko 😅

Maman Walid: A'a ƙanena ba kai bane

Baba Mai Turumba: Bari in yi maganar giranda don ita ta fi tsaya min a rai. Juyawa in ka yi alama kafin ka taɓa zaka iya mayarwa yadda yake, ƙusar nan ma tana barin ɗan layi mai sheƙi a jikin fin inda take gogawa, da shi muke gane inda kamfani ya ajiye shi. Amma gogewa ba a mayar da ita. Fatar fin ɗin an ƙona ta ta yi tauri kuma an goge ta sumul, giranda na hawa ta cinye taurin ta bar kaushi, sai ƙusar ta riƙa cijewa, yau mota ta ja gobe ta ƙi, direba ya rasa gane kanta. In yaro ya zurfafa da yawa ya bar ɗan tudu, ƙusar ta faɗa ramin ta maƙale fin ya ƙi dawowa sama, kana ɗaga ƙafa ka sake takawa sai hayaƙi. Wani abin kuma da suke ɓatawa, in an zare fin ƙusar tana iya leƙowa cikin ramin, dole a tura ta baya a hankali kafin a mayar da fin, yaro mai gaggawa sai ya danna da ƙarfi ya lanƙwasa ta, daga nan aikin riyal 150 ya koma sauke turumba gaba ɗaya a ɗora a bencin gwaji.

Kuma ba fin kaɗai ke cikin hular ba. A samanta akwai sukuru da ke saita man da ake bayarwa kafin tarbo ya ɗauka, shi ne na hayaƙin tashi. Ƙarƙashin roba akwai wata 'yar dabaran mai haƙora da sifirin ke zaune a kai, in ka yi ƙasa da ita sifirin ya yi laushi mai ya zo da wuri. Sai babban, sukurun mai na bayan turumba kusa da inda fayif ɗin nozul suka fito, wanda kamfani ke sa wa hatimi. Shi wannan duk wani mai yake ƙarawa daga silo har sama, in aka wuce da shi gwamna ya kasa riƙe inji, ya kwasa da gudu shi kaɗai. Duk mai taɓa shi ya cire tiyon iska ya ajiye katako a kusa da zai toshe bakin da shi, kar ya dogara da makulli kaɗai, kuma kar wanda ya kuskura ya sa tafin hannu a bakin tarbo

Ɗan Gadarif: Na taɓa ganin wannan da idona a wata warsha, wato gareji, ƙarar kaɗai ta sa kowa ya watse har mai warshar, wani tsoho ne ya cusa bargo a bakin iska ta mutu. Allah ya kiyaye

Ɗan Agadez: Jama'a ni Hilux 2018 nake ja na duba ban ga hular da ake faɗa ba, ina nawa fin ɗin yake?

Injiniya Riyad: Naka babu ɗan uwa. Komon rel ne, 2GD ko 1GD, kwamfuta ce ke buɗe nozul da wutar lantarki, ita ke auna iska ta bada mai. Masu ƙara wa irin naka ƙarfi da laftof suke yi. Haka Land Cruiser V8 ɗin nan 1VD, haka manyan Actros, duk ba ruwansu da wannan hirar. Kar ka bari wani ya karɓi kuɗinka wai ya juya maka fin

Ɗan Agadez: To madalla na huta

Baba Mai Turumba: Yanzu kai mai daina ga abin da zaka yi kafin kowa ya sa sifana. Filtar iska tukuna, ƙurar ƙasar nan ba wasa ba, kuma wadda aka yi ta busawa da kwamfireso ta gaji a canza ta. Filtar dizil. Sai siririn tiyon nan na hula, murza shi da yatsa ko ya tsage, in yana zubar da iska fin ba zai taɓa sauka ba kuma motar zata yi daidai abin da ka faɗa. Robar ciki a ɗaga ta a rana a ga ko ta huje. Manyan tiyon tarbo a duba kilif ɗinsu, in akwai intakula, mai sanyaya iskar tarbo, a ga ko ta cika da mai da ƙasa. Bayan nan a gwada nozul a ga matsin da suke buɗewa da yadda suke feshi, a saita balbul, a duba taimin da agogon awo ba da kunne ba. Sannan ka gaya min tan nawa kake ɗora mata

Mai Daina Jidda: Baba lodin dai daidai gwargwado

Direban Wayit: Daidai gwargwado a bakin direba ai sai a tambayi sifirin baya

Mai Daina Jidda: To gaskiya in kayan tayil ne ko siminti wani lokacin yana ɗan haurawa, mai kaya ba zai yarda a yi sawu biyu ba

Baba Mai Turumba: To ka fara jin amsarka

Malam na Madina: Assalamu alaikum. Ban san komai a inji ba amma akwai gefen da ba a taɓa ba. Yace motar ta kafili ce, to amana ce a hannunsa, canza mata wani abu da zai iya lalata ta ba da sanin mai ita ba bai dace ba ko da niyyar aikin ya yi sauri ne. Ya gaya masa, in ya yarda shi kenan nauyin ya koma kansa

Abu Tarbo: Malam wane kafili ne zai tsaya jin bayanin fin, shi dai kuɗin wata yake jira

Ɗan Gadarif: Ranar da inji ya buga zai tsaya ya ji ai, kuma kuɗin tawdibi, wato gyaran inji gaba ɗaya, daga albashin wa kake jin za a cire. Ga fahas kuma, gwajin lafiyar mota na hukuma, suna auna hayaƙi, motar da ke tada baƙi bata wucewa, babu fahas babu sabunta istimara, takardar rajistar mota. Murur, 'yan sandan hanya, ma in suka ga mota na turnuƙe titi suna iya tsayar da kai

Abu Tarbo: Wannan ai mai sauƙi ne, ana rage mai ana gobe fahas a mayar bayan an fito, kowa haka yake yi

Baba Mai Turumba: Ba kowa ba. Ni a bencina ba a yi. Kuma sukurun da ake murɗawa gaba da baya duk shekara ba da benci ba, wa ya san inda ya tsaya

Injiniya Riyad: Akwai kuma aljihu. A 2023 litar dizil halala 75 ce (halala ɗari ke yin riyal ɗaya), farkon 2024 ta koma riyal 1.15, farkon 2025 ta koma 1.66. Da can da dizil ya fi ruwan sha araha ba wanda ya damu, yanzu baƙin hayaƙin nan man da ka saya ne bai ƙone ba yake fita ta salansa, wani kuma ya gangara ta gefen ringi ya shiga baƙin mai ya ɓata shi da wuri. Mai zuwa Ɗa'if kullum zai gani a ƙarshen wata

Direban Wayit: Tunda an zo maganar dizil, wai da gaske ne sabon dizil ɗin nan yana cin turumba? Wasu abokan aikina suna zuba man giya ko tsohon baƙin mai a tanki wai don ya yi santsi

Injiniya Riyad: A Fabrairun 2024 aka sanar da dizil na Yuro 5 a nan, mai ƙarancin farar wuta. Inda maganar ta samo tushe shi ne turumbar VE da dizil ɗin kansa take samun santsi, ba kamar mai layi ba da baƙin man inji ke shiga cikinta. Amma irin wannan dizil ana zuba masa sinadarin santsi kafin ya iso gidan mai. Tsohon baƙin mai kuwa cike yake da toka da garin ƙarfe, shi zaka tura cikin filanja, ƙarfen da ke tura mai a turumba, wadda tsakaninta da gidanta ko gashi baya shiga?

Baba Mai Turumba: Abin da na fi gani yana kashe turumba a bencina ruwa ne da datti, da masu haɗa dizil da kananzir ko fetur. A riƙa zubar da ruwan ƙasan filta kawai

Mai Daina Jidda: Jama'a na dawo. Yau da safe na kai ta wajen wani mu'allim muka buɗe hular a gabana. Tiyo lafiya roba lafiya, amma fin ɗin wlh an riga an goge shi, ga sawun giranda nan ɓaro ɓaro gefe ɗaya har ya yi tsatsa, sukurun baya kuma babu hatimi. Ashe wanda ya ja motar kafin ni ya riga ya yi aikin. Mu'allim ya kama sandar tarbo da yatsa tana girgiɗi sama da ƙasa, ga mai a cikin tiyo

Direban Wayit: La ilaha illallahu, wato saura kaɗan ka biya a yi maka abin da an riga an yi

Abu Tarbo: To wannan ai ba a iya yi bane, aikin 'yan koyo ne. Da fin mai kyau aka saya aka sa da ba haka ba

Ɗan Gadarif: Ya sheh kai dai baka saduda

Abu Tarbo: Ba maganar saduda bace, ni har yanzu ina kan bakana, injin da yake lafiya in an ƙara iska an ƙara mai tare an sa agogo an buɗe salansa zai bada ƙarfi ya kuma daɗe. Baba da kansa bai ce ƙarya bane

Baba Mai Turumba: Ban ce ba. Amma lissafa abin da ka jero, tarbo, intakula, salansa, agogo biyu, sai kuloci don na kamfani zai fara zamewa da zarar ƙarfin ya ƙaru, ga lagireto da za a wanke ko a ƙara. Wannan ba aikin riyal 150 bane, kuma mai motar kansa ke yinsa ba direban kafili ba.

Kai kuma ɗana kar ka sake hawa Sail da lodi da wannan tarbon, in ya saki mai cikin inji shi ma yana sa mota ta kwasa da kanta, wannan kam makulli baya kashe ta sam. A gyara tarbo ko a canza, a gwada kwamfireshan a san halin fistin tunda ba mu san tsawon lokacin da aka yi ana dafa su ba. Fin kuma ka nemi na asali, in sabo ya yi wuya ka je tashlihin Bariman, inda ake sayar da kayan tsoffin motoci a Jidda, amma kar ka karɓi kowanne don ya shiga ramin, gangarensu ya bambanta daga inji zuwa inji, ka kwafi lambar da ke jikin turumbarka ka tafi da ita. Bayan nan a ɗora turumbar a benci a mayar da man inda littafi ya ce. Ka ɗauki hoton fin ɗin ka tura wa kafilinka yau ɗin nan kafin wani ya ce kai ka yi

Mai Daina Jidda: An gama Baba, na tura masa tun muna warsha

Abu Tarbo: To Injiniya tunda kun taru a kaina, agogon nan a ina ake huda masa, kafin tarbo ko bayansa? Wani yace min a fayif ɗin salansa ya fi sauƙi

Injiniya Riyad: Ya fi sauƙi amma ƙarya zai riƙa yi maka, bayan tarbo hayaƙin ya riga ya huce da digiri 100 ko fiye, kuma bambancin ba tsayayye bane yana canzawa da lodi. A manifol ake sa shi inda bakunan suka haɗu kafin su shiga tarbo. In za a huda a kwance manifol ɗin a yi a ƙasa a wanke, don garin ƙarfen da diril zai zubar in ya faɗa ciki fukafukan tarbo zai bi. Ka sa na matsin iska ma tare, tiyonsa daga inda na hula ya fito zaka raba

Abu Tarbo: Kwance manifol a 4D56 da notinan nan da suka yi tsatsa, rabinsu karyewa zasu yi

Baba Mai Turumba: Ka fesa musu mai tun dare, da safe ka kawo ta da sanyinta kafin azahar